Gizo da Marayun Cikin Waya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wata shekara azumi ya shiga goman ƙarshe a garin Kara, can ƙasar Gwarzo, Gizo kuwa ko ƙwayar gero babu a rumbunsa. Da damina, sa'ad da sauran dabbobi ke duƙe a gonakin dawa da masara da gyaɗa, shi yana kwance a gindin darbejiya wai ciwon baya. Kaka ta yi, kowa ya kai amfaninsa kasuwar Getso ya dawo da kuɗi, shi ya dawo da labari. Yanzu ga Sallah ta ƙarato, teloli sun daina karɓar ɗinki, matarsa Ƙoƙi kuma ta sa shi gaba.

"Malam, matar Zomo turmi biyu aka kawo mata. Ni ko ɗankwali ban gani ba. Yaran nan da me za su je Idi?"

Gizo ya ce, "Ki yi haƙuyi, Ƙoƙi. Shallah ai ba ta zo ba tukuna." Kun dai san shi da tsamin baki.

Ya fita ya zauna a bakin shagon Ɓera mai cajin waya, ya zuba ido. Abin da ya gani ya sa ya gyara zama. Tun farkon shekarar 2023, da takardun kuɗi suka ɓace bayan an sauya fasalin naira, tsofaffin da suka saba ƙulle kuɗi a haɓar zane ma sun buɗe asusu a waya. Mai shayi na karɓar taransifa, mai ƙosai na karɓa, ga masu POS a ƙarƙashin lema kowace kwana. Dukiyar gari ta bar ƙarƙashin katifa ta koma aljihu, cikin wani ɗan ƙarfe da ke amsa kiran kowa. Ga shi kuma kwanakin da zuciya ke laushi ne, kowa na neman inda zai jefa sadakarsa ya dace. Gizo ya ce a ransa, haura katanga ya zama aikin marasa dabara.

Abu uku ya rasa: lambobin mutane, da murya, da wurin tara kuɗi.

Lambobi na hannun Ɓera. Garin da wuta ba ta zama, waya kan kwana a shagon mai caji, kuma mai jiran waya ba ya rasa hira. Ɓera ya san wanda ya sayar da buhu 50, ya san wadda mijinta ya rasu bara, ya san wanda ɗansa ke turo kuɗi daga Legas. Aka yi ciniki, kashi ɗaya cikin biyar nasa.

Murya kuwa sai Aku, wani baƙo da ya zo daga kurmi. In ya so ya yi muryar malami mai tafsiri, in ya so ta jariri, in ya so ta 'yar boko ma'aikaciyar banki mai haɗa Hausa da Turanci. Gizo ya san shi kansa ba zai iya ba, don kalma biyu zai faɗa yaron goye ma ya gane shi.

Saura asusu. Sai ya tari Jaki yana dawowa daga ɗaukar yashi.

"Shannu, Jaki. Ka ji ana yajishtay tallafi? Tun da aka ciye tallafin mai a 2023 gwamnati ke yaba kuɗi, kai kana nan kana daukay yashi."

Jaki ya ce shi bai san hanya ba. Gizo ya ce ai hanyar ce ta kawo shi. Ya karɓi lambar BVN ta Jaki, guda 11 ɗin nan da bankuna suka fara bayarwa a 2014, wadda ke ɗaure da hoton mai ita da zanen kofatonsa. Ya karɓi ta NIN ma. Aka buɗe asusu da sunan Jaki, aka yi rajistar layin waya da sunan Jaki, aka ba Jaki naira 2,000 na shan ruwa. Ya tafi yana sa wa Gizo albarka.

Suka kafa sansani a wani kango da ke bayan masallaci, don nan ne sabis ya fi ƙarfi.

Wadda suka fara kira Hajiya Tunkiya ce, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta dawo daga asham ke nan, ko hijabi ba ta cire ba, wayar ta yi ƙara.

"Salamu alaikum. Da Hajiya Tunkiya nake magana, ta gidan marigayi Alhaji Rago? Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa."

Ta ce amin, muryarta ta ɗan karye. Wata 11 ke nan da rasuwar.

"Hajiya, daga gidan marayu muke kira, nan birnin Kano. Wataƙila ba ki sani ba, don bai so a sani ba, amma duk azumi marigayi kan aiko mana da abin da ya sawwaƙa. Bana yara suka yi ta tambaya, ina Baba na Kara? Sai muka bincika muka ji Allah ya yi masa cikawa."

Tunkiya ta nemi tabarma ta zauna. Ashe Alhaji na yin irin wannan alheri bai taɓa gaya mata ba? Hawaye suka zubo mata, na kewa da na alfahari a haɗe. Wa za ta tambaya ko gaskiya ne? Mai maganar yana kabari.

Aku ya kau da kai daga wayar ya tsala kukan jariri, ya dawo da muryar malami. "Kin ji shi ko? Ɗan autanmu ne, yana asibiti. Likita ya ce in ba a biya kuɗin aiki kafin asuba ba, sai dai haƙuri. Daren nan kuma na 27 ne, ke kin fi ni sanin abin da ke cikinsa. Abu ɗaya nake roƙo, ki bi sawun maigidanki, kada ki gaya wa kowa. Sadakar ɓoye ita ce sadaka."

Ya karanto lambar asusu. Ta danna, suna ya fito.

"Allah ya gafarta Malam, na ga sunan Jaki ya fito, ba na gidan marayu ba."

"Ma'ajinmu ne, Hajiya. Asusun gidan ya samu matsalar sabis tun la'asar."

Jakuna da yawa a duniya. Ta tura naira 30,000.

Ba a jima ba wayar ta sake ƙara, wannan karon muryar mace ce mai sanyi. Wai daga banki ne, kuɗin da ta tura sun maƙale a hanya, in ba a warware yanzu ba za su bi ruwa. Za ta ga lambobi 6 sun shigo mata, ta karanto, ta haɗa da lambar sirrinta don a tabbatar ita ce. Tunkiya na tunanin jaririn da ke jiran likita, ta karanto duka. Kafin sahur, jarin gyaɗarta da kuɗin adashin da aka ba ta ajiya, naira 180,000, sun bi sawun na farko.

Bari in tsaya nan kaɗan, don na ji wani a bayan zaure yana cewa Tunkiya ai tunkiya ce. Ba haka ba ne. Wannan baiwar Allah shekara 20 tana awon man gyaɗa, ba a taɓa cutarta da cokali ɗaya ba. Da an zo mata da zancen riba da ta kashe wayar. Ta ƙofar da ta fi kyau a gidanta aka shigo, ta tausayi da son lada, aka kuma ɗauki koyarwar gaskiya, wato falalar ɓoye sadaka, aka toshe mata baki da ita don kada ta yi shawara. Abin da ba ta sani ba guda ɗaya ne: babu ma'aikacin bankin da ke kira ya nemi lambar sirri ko lambobin nan da ake turowa, domin su ne makullin asusun, duk wanda ya ji su ya shiga.

A daren nan, bayan katangar Tunkiya, Zabuwa na zaune da 'ya'ya bakwai. Mijinta noman rani yake yi a bakin dam ɗin Guzuguzu a ƙasar Kabo, mota ta kwashe shi a titin Kano zuwa Gwarzo yana dawowa. Da kunu tsararo ba sukari suka sha ruwa. Zabuwa ba ta iya roƙo ba, in an gaishe ta sai ta ce lafiya lau. Tunkiya na jin kukan yaran kullum, har kunnenta ya saba da shi kamar yadda mai gida kusa da injin niƙa ke daina jin ƙararsa.

Alhaji Raƙumi, dillalin hatsi, bai ba su wahala ba. Aka ce masa za a karanta sunayen manyan masu taimako a rediyo ranar Sallah, nasa ne na farko. Ya tura rabin miliyan daga zakkarsa, ya sa aka sayo wa rediyonsa sabon batir.

Kura kuwa Ɓera ya ce kada a ɓata kukan jariri a kanta, ba za ta ji ba. Sai aka juya mata zancen. Wai wasu Larabawa masu hannu da shuni sun aiko da tallafin azumi, an zaɓi mutum 100 a ƙaramar hukuma, sunanta na ciki: buhun shinkafa, jarkar mai, da cinyar sa.

"Cinya guda?" in ji Kura, miyau na zuba.

"Biyu ma, in kin cike fom da wuri. Naira 5,000 ne kuɗin fom."

Ta biya. Washegari aka ce kuɗin mota, ta biya. Jibi aka ce tirelar ta tsaya a Rimin Gado, sai an sallami masu lodi, ta sayar da tukunyarta ta biya. Aka turo mata wani saƙo a WhatsApp aka ce ta watsa wa mutum 20 don a hanzarta nata, ta watsa wa 40. Daga nan ta ɗauki tabarma ta koma bakin titi tana jiran tirela.

Duk kwanakin nan Malam Dila na tafsiri da la'asar a ƙofar masallaci. Ranar 28 ga wata ya yi bayanin fidda kai: sa'i ɗaya ne a kan kowane rai, wato mudun Annabi huɗu, daga abincin da aka fi ci a gari, a fitar kafin sallar Idi, an kuma yarda a gabatar da shi da kwana ɗaya ko biyu. Ya ce a mazhabar Malikiyya zakka a inda dukiyar take ake raba ta, ba a kai ta nesa sai in can an fi buƙata. Wanda kuma ya ga lallai sai ya ba hukuma, akwai Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano tun 2003, tana da ofis da ƙofa da ma'aikatan da ido ke gani. Ana ta hamma, yunwa ta ci ƙarfin jama'a. Tunkiya na can baya cikin mata, ta sunkuyar da kai, ta riga ta ga abin da ya samu asusunta amma kunya ta hana ta buɗe baki. Raƙumi na lissafin buhuna da carbi. Baba Kunkuru ne kawai ya ji karatun har ƙarshe, shi ma don tashi na yi masa wuya ne.

Da Gizo ya tsaya nan da ya sha. Amma ranar 29, gab da magariba, ya duba takardar Ɓera ya ga saura suna ɗaya. Ɓera ya ce a bar tsohon nan, ba shi da komai sai 'yar waya mai tocila. Gizo ya ce tsofaffi su ne masu ɓoyo. Aku ya kira.

Wayar ta yi ta ƙara har ta katse sau biyu kafin Kunkuru ya iso inda take.

"Wa alaikumus salam. Ina wuni? Ina gajiya? Ya ibada? Ya iyali? Ya zafin nan? To madalla. Ya muka ji da tsadar hatsi?"

Gizo na gefe yana cizon yatsa, katin waya na ƙonewa. Da ƙyar Aku ya samu ya kutsa da zancen marayu, ya yi kukan jaririn, ya kawo maganar asuba.

"Allah sarki," in ji Kunkuru. "Ka kira a kan gaɓa, ɗana. Yanzu na gama auna fidda kaina, ni da tsohuwa, gero mudu takwas. Ina gidan yake in kawo?"

"Baba, ai birni ne, da nisa. Ka sayar ka turo kuɗin ta waya."

"Gero ba ya shiga wayata, ƙarama ce. Nisa kuma ba komai, gobe in shiga motar Gwarzo in sauka Kabuga. Wace unguwa ce?"

Aku ya dubi Gizo. Gizo ya yi masa alama ya faɗi ko wace. Aku ya faɗi wata.

"To, to. Wa ke mai unguwa a nan yanzu? Ina da jika a can, Hasbiya, mai saurin tafiya ce. Bari in sa ta leƙo ta ga yaron, ta gaishe da likitan. Wane asibiti ka ce?"

"Baba, sadakar ɓoye ake so. In ka gaya wa jikarka lada ya ragu."

"Abin da na bayar shi zan ɓoye, ɗana. Wanda zan ba kuwa sai na gan shi. In ban san ko akwai shi ba, wa na ba?"

Ana cikin haka rana ta faɗi. Zakara, ladanin garin, ya hau ya fara kiran salla. Mako guda ke nan yana fama da mura, kiran nasa ba ya kaiwa tsakiya sai tari ya sarƙe shi. Kunkuru ya ji kiran da kunnen hagu daga masallaci, ya kuma ji shi da kunnen dama daga cikin waya, har ya fi ƙarfi. Zakara ya yi tari a hagu, ya yi tari a dama.

"Ikon Allah," in ji Kunkuru. "Ladanin birni ma murar ta kama shi? Har tarinsu iri ɗaya da namu."

Aku ya daskare. Gizo, da haushin katinsa da ya ƙare a gaisuwa, ya fizge wayar.

"Kai Baba Kunkuyu, shadaka ce fa! Ka tuyo kuɗin kawai, shuyutun me kake yi?"

Shiru ya ɗan ratsa.

"A'a, Gizo? Barka da shan ruwa. Yaushe ka koma birni?"

Kunkuru ya sha ruwa, ya yi salla, ya ɗora geronsa a baya ya nufi gidan Dagaci. Sai dai bai miƙe ba. An riga an ji sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, gobe Idi, fidda kai kuma ba ya jira. Ya ratsa ta gidan Zabuwa ya sauke mata. Yaran suka yi ta tsalle suna ihu, har Tunkiya ta leƙo ta kan katanga ta ga abin da ake wa murna: gero mudu takwas. Ta dubi tukunyar da ke kan murhu, ba komai ciki sai ruwa.

"Zabuwa, ashe haka kuke ciki, ba ki taɓa faɗa ba?"

"Yaya, ai katanga ɗaya ce tsakaninmu."

Tunkiya ta koma ɗaki ta kwaso ragowar ƙuli-ƙuli da kwalbar mai ɗaya da ta rage mata, ta miƙa ta kan katangar. Sannan ta sa hijabi ta bi bayan Kunkuru, ta cim masa bai kai kwanar farko ba.

Sai bayan isha suka isa. Dagaci Zaki ya tura Kare da 'yan sintiri kangon. Suka tarar da Aku da Ɓera suna faɗa kan rabo. Gizo kuwa tun da ya ji an ambaci sunansa ya shige wata tsaga a bangon, har da wayar.

Bayan an sauko daga Idi aka taru a ƙofar Dagaci. Ya ce duk wanda aka kira ya tura kuɗi ya tashi. Ba wanda ya motsa. Raƙumi ya ɗaga dogon wuyansa yana duban sama, wai yana duba ko hadari ne. Sai Tunkiya ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni ce ta farko." Ta faɗi komai, har maganar marigayi, har lambobin da ta karanto da bakinta.

Da ta zauna sai Akuya ta tashi, sai Bushiya, sai Agwagwa, har aka ƙirga 14. Kowannensu ya ɗauka shi kaɗai ne, kowanne an ce masa kada ya faɗa. Malam Dila ya ce da ta farko ta yi magana a daren 27, da sauran 13 sun tsira, da kuma an kira banki a take an toshe asusun, wataƙila a tarar da wani abu. Yanzu kuwa kuɗin sun daɗe da fita, an cire su kaɗan-kaɗan a wurin masu POS na Gwarzo da Dayi. Raƙumi ya ce shi dai ba a cuce shi ba, sadaka ya yi, kuma har yanzu rediyo ba ta gama shirye-shiryen Sallah ba.

Aku ya ce shi baƙo ne, abin da aka faɗa masa yake maimaitawa. Ɓera ya ce shi caji kawai yake yi. Da 'yan sanda suka iso daga Gwarzo suka bi takarda, sunan da ke kan asusu da wanda ke kan layi duk ɗaya ne, har da hoto. Aka je aka kamo Jaki a bakin rafi yana lodin yashi ranar Sallah.

"Wallahi dubu biyu aka ba ni! Tallafi aka ce!"

Aka ce ya yi wannan bayanin a gaba, in ta kai har ofishin EFCC a Kano. Dagaci da Malam Dila suka bi motar don su yi masa shaida, amma ya kwana uku a tsare kafin a ba da belinsa, kuma har yau asusunsa a rufe yake. A gidan Gizo abin da aka samu leshi ɗaya ne da katan biyu na taliya. Leshin ma sai da aka jira Ƙoƙi ta dawo daga yawon Sallah aka karɓa. Aka sayar aka raba wa mutum 14, kowa ya samu abin da bai kai kuɗin cefanen yini ba. Tunkiya ta shekara tana biyan 'yan adashi.

Gizo na cikin tsagar bango yana ƙirga kwanaki da ƙafafunsa takwas. Tsakanin ƙaramar Sallah da babba wata biyu ne da kwana goma. Ya riga ya aika a nemo masa Kanari, an ce muryarsa ta fi ta Aku zaƙi, ya kuma tsara sabon zance: ragon layya na marayu, da kujerar Makka mai rahusa ga wanda ya biya yau. Abin da ya rage masa asusu ne, ya ji kuma an ce Alfadari na neman hanyar rajistar tallafi.

Kura na nan bakin titi. Duk tirelar da ta taso daga Kano sai ta miƙe ta kaɗe tabarma ta tare direba, ta tambaye shi ko shi ne na Larabawa.

Ƙurunƙus kan kusu.